Hedfon Mai Yoyo Na Saya Mata

Ni ban taɓa ganin mutum yana aiki a gidan burodi yana ramewa ba sai ɗana.

Tun ranar da wata mata ta shigo gidanmu da jariri a goye, ta zube a bakin famfo tana ihu wai shi ya yi mata ciki ya gudu, yaron nan bai sake cin abinci ya ƙoshi ba. Gidan haya ne mai bene, famfo ɗaya muke ɗiba gaba ɗayanmu, kuma sai ta zaɓi lokacin da mata suka cika layi da bokitai. Kafin in ajiye dutsen guga in fito, ta gama kukanta ta fice.

Washegari Mai Agogo, wanda ke zaune a sama da iyalinsa, ya sauko da ƙafarsa ya ce ya janye maganar 'yarsa da ɗana. Yaran da kowa ya san suna son juna kamar su haɗiye juna! Ba a je ko'ina ba sai ga ɗan mai gida, wanda yarinyar ta sha kora, ya fara ajiye mota a ƙofa.

Ni wanki da guga nake yi. Ban yi makaranta ba, amma na san tabon da ya zo da kansa, na san wanda aka shafa da hannu. Wannan da hannu aka shafa shi. Kuma na san hannun. Matar Mai Agogo ce, wadda nake kira Ta Sama, don ko gaisuwa daga saman bene take jefo wa mutane. Burinta a duniya ta zama surukar masu gida. Sai dai sani daban, shaida daban.

Ina guga a baranda da hantsi, sai na ji ana shesshekar kuka a bayan zannuwan gadon da na shanya. Na ɗaga ɗaya. Yarinyar ce, idanu sun kumbura kamar an zuba musu yaji.

"Ke! Idan uwarki ta gan ki a nan fa?"

"Ta tafi kasuwa, Inna." Ta durƙushe ta riƙe ƙafata. "Inna, an gama da ni. Baba ya ce dangin ɗan mai gida za su zo ƙarshen mako. Na ce masa ba na so, ya ce ba zai yi mini dole ba, amma ɗanki in cire shi a raina ko da zan mutu a ɗakina ba aure. Ni kuwa na rantse zan mutu a ɗakin."

"Ki daina rantsuwa, ki tashi, kina jiƙa mini kayan mutane."

"Inna, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah. Ɗansa ne?"

Na ajiye dutsen guga da ƙarfi har gawayi ya yi tsalle.

"Ni kike tambaya? Yaron da ko kazar maƙwabta ta shigo ɗaki sai ya sunkuyar da kai? Idan ke ma kin fara shakka, tashi ki hau motar, ga ta can."

"Wallahi ban yi shakka ba! So nake in ji wani ya faɗa, don a gidanmu ba mai faɗa. Jiya na hango shi yana dawowa daga aiki, ya gan ni a taga, sai ya juya ya bi ta bayan gida. Inna, shi da yake ajiye mini burodin farko mai zafi a matakala, yanzu ko inuwata ba ya so ya taka."

"Kunya ce, ba ƙi ba."

"To ni ina zan sa kaina? Mama kullum tana ɗaki tana dariya da waya. Matar mai gida ce ke turo mata saƙon murya, dogo-dogo, tun da ita ma ba ta iya rubutu ba. Da na shigo sai ta kashe. Tana gama ji ta goge."

Na tsaya da hannuna a kan rigar da nake ninkewa.

"A kunne take karawa?"

"Da iyafis take ji, ɗan ƙaramin nan mai igiya. Ya lalace, kuma ta ce yana sa mata ciwon kunne. Yanzu sai ta shiga banɗaki ta kulle. Kullum tana yi wa Baba mita ya sayo mata babban, mai rufe kunne duka, irin wanda ta gani a kan matar mai gida."

Na ci gaba da ninke rigar. Na tuna wani direba da na taɓa zama kusa da shi a tasha, ya sa irin wannan babban abin a kansa yana gyaɗa kai, mu kuwa duk muna jin abin da yake ji, shi bai sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Idan uwarki ta dawo, ki ce mata zan hau bayan la'asar in ba ta haƙuri."

Yarinyar ta sake ni kamar ta taɓa wuta.

"Haƙuri? Inna, ke ma? Ke ce fa kaɗai ta rage mana!"

"Ki faɗa mata yadda na ce. Ki ƙara da cewa na saduda, kuma ɗana ya haƙura da ke."

Ta dube ni, hawaye na bin haɓarta.

"Allah ya isa ban ce ba, Inna, don ke uwa ce. Amma kin kashe ni."

Ta ruga sama. Na bar ta da kukanta. Da na gaya mata, da uwarta ta karanta a fuskarta kafin ta buɗe baki.

Ashe ɗana yana ɗaki, bai yi barcinsa na bayan aikin dare ba. Ya fito da gari a gashin hannunsa.

"Inna, me na ji? Ki durƙusa wa matar da ta ɓata mini suna? Gara mu tattara mu bar gidan."

"Mu bar gida da sunan uban shege a goshinka? Duk inda ka je zai riga ka isa. Koma ka kwanta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Na yafa mayafi na nufi layin masu kayan waya.

Shagon da na shiga ɗan ƙarami ne, kaya sun rataya har rufi. Mai shagon wani mai tumbi ne, yana goge gilashi.

"Sannu Mama. Caja ce ta lalace?"

"Abin kunne nake so. Babban, mai kama da an kifa wa mutum kwanuka biyu."

"Hedfon kenan. Na jika ne?"

"Na wata baiwar Allah ce. Kuma mai araha, kada ka sauko mini da na masu mota."

Ya yi dariya ya jero mini su a kan tebur.

"To Mama, araha ba ta ado, amma akwai na kirki. A gida za a riƙa ji ko a hanya?"

"A gida. A tsakiyar falo."

"Mai igiya ko marar igiya? Marar igiya sai an yi masa caji, sai an haɗa shi da waya."

"Mai igiya. Wanda da an soka zai yi magana, ba sai an roƙe shi ba."

Ya ɗauko wani baƙi ya ɗora mini a kai. Nan take duniya ta yi tsit, bakinsa kawai nake gani yana motsi. Ya cire.

"Kin ji? Wannan rufaffe ne. Sosonsa mai laushi, ba ya matse kai, ko mai gilashi zai wuni da shi. Abin da kike ji, ko wanda ke jikinki ba zai ji ba. Shi zan zaɓa wa uwata."

"Allah ya ja kwanan uwarka. Ajiye shi. Wancan fa, mai raga a baya kamar matatar shayi?"

Ya yamutsa fuska.

"Wannan buɗaɗɗe ne. Ba ya sa gumi, murya tana fita tas, amma yoyo yake yi. Hayaniyar waje tana shiga, sai mutum ya yi ta ƙara murya, ita kuma tana fita ta ragar nan. Na mai zaman ɗaki shi kaɗai ne. Tun da na kawo shi, wanda ya saya sai ya dawo da shi."

"Sa shi a kanka."

"Ni?"

"Kai. Ka kunna magana, ba kiɗa ba."

Ya sa, ya kunna labarai. Na ja da baya har bakin ƙofa. Motoci na wucewa, fanka na kaɗawa, ban ji komai ba sai zuuu kamar sauro. Na ɗaga masa hannu.

"Kashe fankar nan. Ƙara murya."

Ya kashe, ya ƙara. Sai ga muryar mai labarai ta fito siririya, amma kalma ba ta ɓace ba.

"Naɗe mini shi."

"Mama, na gaya miki fa yoyo yake yi. Kada gobe ki dawo ki ce na cuce ki."

"Ɗan nan, ni bokitin da ke yoyo nake nema. Ka sa shi a kwalinsa mai ƙyalli, ka goge ƙurar."

Ya bi ni da kallo har na fita, yana cewa, "Allah ya raba mu da sharrin tsofaffi."

Na ce amin.

Bayan la'asar na hau benen nan, kowace matakala kamar ina taka zuciyata. Falonsu na nan yadda na san shi. Mai Agogo yana teburinsa a gefen taga, gilashin ido ɗaya a maƙale, ya buɗe cikin wani agogo yana tsinta da ɗan hantsaki. Mutum ne da ba ya son magana, amma kunnensa yana jin agogon da ke ciwo daga ɗaya ɗakin. A kansa na dogara, bayan Allah.

Ta Sama tana kan doguwar kujera, ta sha ɗauri, ƙafa ɗaya kan ɗaya, waya a cinya. Yarinyar tana rakuɓe a ƙofar kicin.

Na yi sallama na zube a kan gwiwoyina.

"A'a, yau mai wanki ce a samanmu? Ko kayanmu ne suka ƙone?"

"Haƙuri na zo bayarwa. Na yi ta zarginki a raina, na ga ba riba. Ɗa ne ka haife shi, ba ka haifi halinsa ba."

Na sunkuyar da kai. Yarinyar ta toshe baki da mayafi.

"Ai shi ke nan," in ji Ta Sama, tana kallon farcenta. "Kowa ya san matsayinsa ya huta. Kwarya ta bi kwarya."

Mai Agogo bai ɗago ba, ya ce, "Tashi ki zauna a kujera, baiwar Allah. Ba a durƙusa wa mutum."

Na zauna, na miƙa mata kwalin.

"Ga wannan, ba yawa. Na ji an ce kunnenki na ciwo."

Ta buɗe tana taɓe baki, amma na ga idonta ya yi haske.

"Ɗan arha ne dai. Na ƙawata ba shi da igiya." Ta juya wajen mijinta. "Ka gani ko? Har mai wanki ta riga ka."

"A gwada mana, ko ya yi daidai," na ce.

Wayarta na ta walƙiya a cinya tun shigowata. Na san tun da rana ta aika wa ƙawarta albishir ɗin zuwana, na kuma san amsa na jira. Mace irin wannan ba abin da zai yi mata daɗi kamar ta ji ana zagina ina zaune a gabanta ban sani ba.

Ta gyara ɗauri ta kifa shi a kai, ta soka igiyar.

"Bari in ji wa'azin da aka turo mini," ta ce, tana yi mini murmushi.

Ta danna. Ni kuwa na ɓare baki na shiga zuba da ƙarfi, ina ba Mai Agogo labarin tsadar sabulu, da yadda gawayi ya koma sai ƙura, da wani mutum da ya kawo mini wando da kifi a aljihu. Ta harare ni. Na ƙara ɗaga murya. Na ga yatsanta yana danna gefen waya, yana ƙarawa, yana ƙarawa. Ta sake kunna saƙon daga farko.

"Wash, sanyi nake ji a ƙashina," na ce. Na miƙa hannu na kashe fanka. Na kama bakina.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin agogo. Sai ga muryar matar mai gida tana tsiyaya daga ragar nan.

"Ƙawata! Wai da gaske mai wankin za ta zo ta durƙusa? Kai, na so a ce ina nan! Ba na gaya miki ba, aron jariri ya fi boka aiki? 'Yar aikina har yau dariya take, ta ce albasar da kika ba ta ta murza a ido ta kusa makantar da ita. Jaririn ma ƙanwarta ta zo ta karɓi abinta. Ke dai ki riƙe mini tsohon nan naki, shi da agogunansa, kada ya farga kafin ƙarshen mako."

Ta Sama tana dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunta na rawa, tana cewa, "Allahu akbar, malamin nan ya iya wa'azi."

Hantsakin Mai Agogo ya faɗi a kan tebur.

Ya cire gilashin idonsa a hankali. Ya tashi. Ban taɓa sanin mutumin nan dogo ba ne sai ran nan. Ya zo ya tsaya a kanta, ya sa hannu biyu ya zare hedfon ɗin daga kanta kamar mai cire murfin tukunya, ya riƙe shi a tsakiyar ɗaki. Muryar na ci gaba da fita, tana dariya.

Na ga lokacin da ta gane. Fuskarta ta koma kamar tsumman da aka matse.

"Malam, ba haka ba ne, wasa ne irin na mata..."

"Albasar da na sayo da hannuna?"

"Don 'yarka na yi! Ka so ta ƙare a ɗaki ɗaya tana warin yis ɗin burodi?"

"Mama!" Yarinyar ta zube a ƙasa. "Mama, kin ga ina kuka dare da rana, kina shafa kaina kina cewa Allah ne ya tona shi. Ashe ke ce? Da wane ido zan dube shi yanzu?"

Ta Sama ta wawuri wayar za ta goge. Ai kuwa hannun da ya shekara yana matse barguna ya fi nata sauri. Na damƙe wuyan hannunta har wayar ta faɗo a cinyata, na miƙa wa mijinta.

"Munafuka! Tsohuwar banza! Tarko kika haɗa mini!"

"Kyauta na kawo miki. Ke kika zaɓi wa'azin."

Mai Agogo ya juyo gare ni.

"Baiwar Allah, na zalunci ɗanki. Na yanke hukunci ban bincika ba. Ki ce masa ya hau yau ɗin nan, ni zan ba shi haƙuri. Maganar masu gida kuma ta mutu."

"Ba zai hau ba."

Kowa ya dube ni.

"A ɗaki aka ɓata shi? A bakin famfo aka ɓata shi, gaban matan gidan nan kaf. Yau yaro in ya wuce, sai a ja yara mata a shige ɗaki. Ka ba shi haƙuri a falo, gobe a ce an rufa masa asiri ne an ba shi mata. Inda aka zuba dattin, nan za a wanke."

Yarinyar ta rarrafo ta kama gefen zanena.

"Inna, don Allah. Ta yi laifi, amma uwata ce. Kada ki sa ta tsaya gaban mutane tana faɗa da bakinta. Idan kika yi haka, yaya zan zauna da ku, yaya zan zauna da ita? Ki dube ni, Inna."

Na dube ta. Wallahi yarinyar nan ta shiga raina, kuma ita za ta haifa mini jikoki. Amma na tuna ɗana yana bin bayan gida kamar ɓarawo.

"Saboda ke, na yafe mata magana. Ba sai ta ce uffan ba. Ba zan zage ta ba, ba zan bari a taɓa ta ba." Na nuna hedfon ɗin. "Ta sa kyautarta a kai, ta sauko bakin famfo, ta zauna ta ji wa'azinta sau ɗaya. Shi ke nan. Daga nan ni da ita sai gaisuwar surukai."

"Sai dai in mutu!" in ji Ta Sama.

Mai Agogo ya miƙa mata hedfon ɗin.

"Ko ki sauka da shi a kanki, ko in sauka da wayar a hannuna in kira maza su ma su ji. Zaɓi."

Lokacin ɗibar ruwan yamma ne, layi har bakin ƙofa. Mata suka ga Ta Sama tana saukowa, ɗauri ya karkace, kwanuka biyu a kunne, mijinta a bayanta riƙe da waya, igiya a tsakaninsu kamar akuyar da za a kai kasuwa. Surutu ya fara mutuwa. Ɗana ya fito ƙofar ɗakinmu ya tsaya, yarinyar kuma ta tsaya a matakala, suka dubi juna, wannan karon bai juya ba.

Ta zauna a kan dakalin wanki. Mai Agogo ya ƙure muryar wayar ya danna.

Wata daga bayan layi ta ce, "Me ake ji ne? Ni ban ji komai ba."

Gaskiyarta. Ruwa na ta zuba a bokitin ƙarfe, ƙararsa ta cika tsakar gida.

Na ratsa layin, na miƙa hannu, na rufe famfon.